Harajin fito na Trump: wa ke biyan kuɗin, kuma ina aka kwana a ƙarshen 2025?

Duk wanda ya bi labaran duniya a 2025, kunnensa ya cika da alƙaluma: kashi 10, kashi 25, kashi 50, har da kashi 145. Yau a ce an ɗora, gobe a ce an ɗage na kwana 90, jibi a ce wata kotu ta soke, gata kuma a ji wata kotun ta ce a ci gaba da karɓa kafin a gama shari'a. Duk wannan kai-komo a kan abu guda ne, wato harajin fito da Shugaban Amurka Donald Trump ya riƙa ɗora wa kayan ƙasashen waje tun bayan komawarsa mulki ranar 20 ga Janairu.

A farkon shekarar, matsakaicin harajin da Amurka ke karɓa a kan kayan da ake shigar mata bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Zuwa ƙarshenta, lissafin cibiyar nazarin kasafin kuɗi ta Jami'ar Yale ya nuna ya kai kusan kashi 17, matakin da rabon da a gan shi tun shekarun 1930. Babu ƙasar da ta kai Amurka sayen kayan waje, don haka duk sauyin da ta yi a bakin iyakarta sai ya taɓa masana'antu da gonakin da ke can wata uwa duniya. Sai dai abin da ya fi girman alƙaluman muhimmanci shi ne ƙa'idar da ake ciniki a kanta tsakanin ƙasashe ce ta canja, kuma wannan canjin zai daɗe fiye da kowane kaso da aka sanar a 2025.

## Mene ne harajin fito, kuma daga aljihun wa yake fita?

Harajin fito kuɗi ne da gwamnati ke karɓa a kan kayan da aka shigo da su daga waje kafin kwastam su bar su su wuce. A nan ruɗani na farko yake, domin ana yawan jin cewa an ɗora wa Chaina haraji, ko Biyetnam za ta biya kashi 20. Gwamnatin Biyetnam ba ta aika ko sisi zuwa baitulmalin Amurka. Mai biya shi ne kamfanin da ya yi odar kayan, kuma galibi kamfanin Amurka ne.

A ce wani ɗan kasuwa a Amurka ya yi odar takalma daga Biyetnam, kowanne a kan dala 40. Idan kwantena ta iso tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, kwastam za su buƙaci ƙarin dala 8 a kan kowane takalmi, ban da abin da dama can ake biya. Daga nan ɗan kasuwar zai iya komawa wurin masana'antar ya matsa mata ta rage masa farashi, ko ya haƙura ya cire kuɗin daga ribarsa, ko ya ƙara wa mai saye a kanti. A zahiri raba nauyin ake yi, kuma wanda ba shi da wata mafita shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Idan masana'antar ba ta da wani abokin ciniki sai Amurka, ita za ta sassauta. Idan kuwa kayan ba a samun su a wani wuri, mai saye ne zai sha.

An taɓa ganin wannan a fili. A 2018, a zangonsa na farko, Trump ya ɗora haraji a kan injinan wanki na waje. Wani bincike na masana daga babban bankin Amurka da Jami'ar Chicago ya gano farashin injinan ya tashi da kusan kashi 12 cikin 100. Injinan busar da kaya, waɗanda ba a ɗora musu komai ba, su ma sun tashi, saboda yawanci tare ake sayen su. Kamfanonin cikin gida ma sun ɗaga nasu farashin da suka ga na waje ya yi tsada. An samu sabbin guraben aiki kusan 1,800, amma abin da jama'a suka biya na ƙarin farashi ya kai kimanin dala 815,000 a kan kowane gurbi. Masu goyon bayan haraji suna nuna guraben, masu adawa suna nuna kuɗin, kuma dukkan alƙaluman biyu gaskiya ne.

## Giɓin ciniki da lissafin 2 ga Afrilu

Kalma ta biyu da ake buƙatar fahimta ita ce giɓin ciniki. Idan ƙasa ta sayi kaya daga waje fiye da abin da ta sayar, bambancin shi ne giɓi. Idan ta sayar fiye da abin da ta saya, ta samu rara. A 2024 giɓin Amurka a cinikin kaya ya kai kusan dala tiriliyan 1.2. Trump yana kallon wannan a matsayin shaidar cewa ana cutar ƙasarsa. Yawancin masana tattalin arziki kuwa suna cewa giɓin yana nuna Amurkawa na kashe fiye da abin da suke adanawa ne, kuma sauran duniya na cike musu ta hanyar sayen takardun bashinsu da hannayen jarinsu.

Ranar 2 ga Afrilu Trump ya sanar da harajin kashi 10 a kan kusan kowace ƙasa, da wani mafi girma a kan ƙasashe kimanin 60, wanda ya kira na ramuwa. Da masana suka duba alƙaluman, sai suka ga ba harajin da waɗannan ƙasashe ke karɓa aka auna ba. An ɗauki giɓin da ke tsakanin Amurka da kowace ƙasa, aka raba shi da jimillar abin da ƙasar ke sayar wa Amurka, sannan aka raba sakamakon gida biyu.

Lesoto ce ta fi nuna inda wannan lissafi yake da matsala. Ƙaramar ƙasa ce mai mutane miliyan biyu da ɗoriya, wadda Afirka ta Kudu ta kewaye ta ko'ina. A 2024 ta sayar wa Amurka kaya na kusan dala miliyan 237, yawanci wandunan jins da lu'ulu'u, ita kuma ta sayi na ƙasa da dala miliyan 3. Ba don ta rufe ƙofa ba ne. Mutanenta ba su da ƙarfin sayen jiragen sama ko manyan injinan Amurka, kuma yawancin abin da suke buƙata daga makwabciyarsu suke samu. Lissafin ya ba ta kashi 50, mafi girma a jerin. Daga baya an rage shi zuwa kashi 15, amma kafin nan masu oda sun riga sun janye, wasu masana'antun ɗinki sun sallami ma'aikata, waɗanda mafi yawansu mata ne. A watan Yuli gwamnatin ƙasar ta ayyana dokar ta-ɓaci ta shekara biyu saboda rashin aikin yi.

Mako guda bayan sanarwar, da hannayen jarin Amurka suka zube da sama da kashi 10 cikin 100 kuma kasuwar takardun bashin gwamnati ta fara rawa, Trump ya dakatar da manyan kason na kwana 90, ya bar kashi 10 ɗin. Chaina kaɗai ya ware.

## Daga ina abin ya samo asali?

A 1930 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar Smoot-Hawley, ta ɗaga haraji a kan dubban kayayyaki. Sauran ƙasashe suka rama, ciniki tsakanin ƙasashe ya durƙushe a daidai lokacin da duniya ke cikin matsanancin karayar tattalin arziki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurkar ce ta jagoranci kafa yarjejeniyar GATT a 1947, wadda ta rikiɗe ta zama Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, a 1995. Ginshiƙin wannan tsari wata ƙa'ida ce ta ba sani ba sabo: harajin da ka sanya wa kayan wata ƙasa mamba, shi za ka sanya wa irin kayan daga kowace mamba, in ban da inda aka ƙulla yarjejeniyar ciniki ta musamman. Wannan ƙa'ida ce ke kare ƙananan ƙasashe, domin ba sai sun zauna teburi ɗaya da manya sun roƙi rangwame ba.

Tsarin ya arzuta duniya, amma bai raba ribar daidai ba. Bayan Chaina ta shiga WTO a watan Disambar 2001, kayanta masu araha sun kwarara Amurka. A shekarar 2000 masana'antun Amurka na ɗauke da ma'aikata kusan miliyan 17. Yau ba su kai miliyan 13 ba. Injina masu aiki da kansu suna da hannu a wannan raguwa, amma binciken masanin tattalin arziki David Autor da abokan aikinsa ya nuna gasar kayan Chaina ta lakume ayyuka kimanin miliyan biyu tsakanin 1999 da 2011, kuma asarar ta taru ne a wasu garuruwa ƙalilan da suka dogara da masaƙu ko masana'antun kujeru. Garin da masana'antarsa guda ta rufe, ba ya farfaɗowa don kawai tufafi sun yi araha a kanti.

Fushin waɗannan garuruwa ne ya sauya siyasar Amurka, kuma ba jam'iyya ɗaya ya sauya ba. Joe Biden bai cire harajin da Trump ya ɗora wa Chaina a 2018 ba, a 2024 ma ya ɗaga na motocin lantarki na Chaina zuwa kashi 100. Sashen ɗaukaka ƙara na WTO kuwa ya daina aiki tun Disambar 2019, saboda gwamnatocin Amurka a jere sun ƙi amincewa a naɗa masa alƙalai. Wato kafin 2025 ta zo, gidan ya riga ya tsage.

## Chaina ta rama, kuma ramuwar ta yi ciwo

A cikin Afrilu aka yi ta ƙari a kan ƙari har harajin Amurka a kan kayan Chaina ya kai kashi 145, na Chaina a kan kayan Amurka kuma kashi 125. A irin wannan mataki ciniki tsayawa yake yi cak. Ranar 12 ga Mayu, bayan ganawa a Jeniba, ɓangarorin biyu suka sauko zuwa kashi 30 da kashi 10.

Abin da ya ba Chaina ƙarfin tsayawa ba harajin ramuwa ba ne. Wasu ma'adinai ne goma sha bakwai da ake kira masu wuyar samu, waɗanda ake ƙera maganaɗisu mai ƙarfi da su. Yawancin motocin lantarki, da wayoyin hannu, da jiragen yaƙi na zamani sun dogara ne da irin wannan maganaɗisu. Ana haƙo su a ƙasashe da dama, amma kusan kashi 90 cikin 100 na tace su a Chaina ake yi. Da ta fara neman lasisi kafin a fitar da bakwai daga cikinsu a watan Afrilu, cikin 'yan makonni wasu masana'antun motoci a Amurka da Turai suka fara dakatar da aiki. Ga kuma waken soya: Chaina ce babbar mai sayen na Amurka, amma ta yi watanni ba ta sayi sabon girbi ba, ta koma Birazil da Ajantina. Manoman da abin ya shafa suna jihohin da suka zaɓi Trump ne, kuma a Disamba sai da gwamnatinsa ta sanar da tallafin dala biliyan 12 ga manoma.

Ranar 30 ga Oktoba Trump da Xi Jinping suka gana a Busan da ke Koriya ta Kudu. Amurka ta rage rabin harajin da ta ɗora da sunan yaƙi da ƙwayar fentanil, daga kashi 20 zuwa 10. Chaina ta jingine sabbin takunkuman ma'adinai da ta sanar a farkon Oktoba na tsawon shekara guda, ta kuma koma sayen waken. Tsagaita wuta ce mai wa'adi, ba sulhu ba.

Duk da wannan gumurzu, a watanni goma sha ɗaya na farkon 2025 rarar cinikin Chaina ta haura dala tiriliyan ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba. Abin da take sayar wa Amurka ya ragu sosai, amma ta cike gurbin a Kudu maso Gabashin Asiya da Turai da Afirka da Latin Amurka.

## Kowa ya je ya yi cinikinsa shi kaɗai

Sauran ƙasashe ba su da makami irin na Chaina, sai suka bi layi. Birtaniya ta samu kashi 10 a watan Mayu. Jafan ta karɓi kashi 15 tare da alƙawarin zuba jarin dala biliyan 550 a Amurka, Koriya ta Kudu ma kashi 15 da alƙawarin dala biliyan 350. Tarayyar Turai, wadda ke da ƙarfin ramawa in ta so, ta amince da kashi 15 ranar 27 ga Yuli, har da alƙawarin sayen makamashi na dala biliyan 750. An soki wannan yarjejeniya a Faransa da wasu ƙasashen, amma shugabannin Turai suna da yaƙin Yukiren a ransu, ba sa son ɓata da Washington a lokacin da suke buƙatar makamanta.

A wasu wuraren ma maganar ba ta ciniki ba ce. Birazil tana sayen kayan Amurka fiye da yadda take sayar mata, amma an ɗora mata kashi 50, kuma Trump ya danganta hakan da shari'ar da ake yi wa tsohon shugaban ƙasar Jair Bolsonaro. Kotun Ƙolin Birazil ba ta fasa ba, a Satumba ta yanke masa ɗaurin shekara 27. Indiya ta samu kashi 50, rabinsa hukunci ne saboda sayen man Rasha, kuma kwanaki kaɗan bayan harajin ya fara aiki Firaminista Narendra Modi ya je Chaina a karon farko cikin shekara bakwai. A Kanada, harajin da kuma maganar Trump ta mayar da ƙasar jiha ta 51 sun taimaka wa jam'iyyar Firaminista Mark Carney ta ci zaɓen 28 ga Afrilu, bayan an riga an ɗauka ta faɗi.

Wannan shi ne ainihin sauyin. A da doka ɗaya ce ga kowa, ko da ana karya ta jefi-jefi. A 2025 kuwa kowace ƙasa da kasonta, kuma kason ya danganta da ƙarfinta da abin da za ta iya bayarwa. Kashin dankali ke nan, na ƙasa shi ke jin nauyi.

## Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon baya suna da hujjoji da ba za a yi watsi da su ba. Annobar korona ta nuna haɗarin dogara da ƙasa guda wajen magunguna da kayan asibiti, rikicin ma'adinai na 2025 kuma ya ƙara tabbatar da hakan. Suna cewa Chaina ba ta bin ƙa'idar kasuwa, tana tallafa wa masana'antunta da kuɗin gwamnati har su ƙera fiye da abin da duniya ke buƙata, kuma WTO ta kasa hana ta. Suna kuma nuna kuɗin shiga: a shekarar kasafin da ta ƙare 30 ga Satumba, kwastam na Amurka sun tara kusan dala biliyan 195, daga kimanin biliyan 77 a shekarar da ta gabata.

Masu adawa suna amsa cewa wannan kuɗi daga aljihun Amurkawa ya fito, kuma ya fi cin talaka, tunda shi ne ke kashe mafi yawan abin da yake samu a kan kaya. Idan aka kwatanta da giɓin kasafin gwamnati na kusan dala tiriliyan 1.8, bai kai ko'ina ba. Suna ƙara da cewa kusan rabin abin da Amurka ke shigowa da shi kayan aiki ne na masana'antunta. Harajin kashi 50 a kan ƙarfe yana taimakon masu narka ƙarfe, amma yana cutar masu ƙera motoci da injina, waɗanda ma'aikatansu suka ninka na masu narkawa sau da yawa. Zuwa ƙarshen shekara, adadin ma'aikatan masana'antu a Amurka ɗan raguwa ya yi maimakon ƙaruwa, ko da yake masu goyon baya na cewa gina masana'anta ba aikin wata shida ba ne.

Akwai wani saɓani a cikin manufar kanta da ya cancanci a lura da shi. Idan harajin ya yi nasarar mayar da masana'antu gida, shigo da kaya zai ragu, kuɗin shiga ma ya ragu. Idan kuma makamin ciniki ne da za a iya cirewa da zarar an daidaita, babu mai hankalin da zai zuba biliyoyi ya gina masana'anta a kan kariyar da ba ta da tabbas. Buri uku ne aka ɗora wa abu ɗaya, kuma suna jan juna.

## Me ya sa duniya ba ta durƙushe ba?

A watan Afrilu Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya yi hasashen tattalin arzikin duniya zai bunƙasa da kashi 2.8 ne kawai a 2025. Zuwa Oktoba ya ɗaga hasashen zuwa 3.2. Kamfanoni sun yi rige-rigen shigo da kaya kafin harajin ya fara aiki, sun cika rumbuna, sun daɗe suna sayar da tsohon kaya. Yawancin ƙasashe ba su rama ba. An kuma yi ta keɓe kayayyaki, irin su wayoyin hannu da kwamfutoci da ɗanyen mai da kayan da suka cika sharuɗɗan yarjejeniyar Amurka da Kanada da Meziko. Sannan ga maƙudan kuɗin da ake zubawa a ƙirƙirarriyar basira, wanda ya rufe raunin wasu sassa. A ƙarshen Oktoba darajar kamfanin Nvidia, mai samar da ƙwaƙwalwar kwamfuta da wannan fasaha ke aiki da ita, ta kai dala tiriliyan 5.

Amma jinkiri ba warkewa ba ne. WTO ta yi hasashen cinikin kaya a duniya zai ƙaru da kashi 2.4 a 2025, sannan ya faɗo zuwa 0.5 a 2026. Hawan farashin zinariya sama da dala 4,000 kowace oza a Oktoba shi ma alama ce ta cewa masu kuɗi ba su natsu ba.

## Yadda abin ke isa ga talaka

A Amurka ya bayyana a kanti. Farashin gahawa ya tashi da kusan kashi 20 cikin 100 a shekara guda, duk da cewa fari a gonakin Birazil ma yana da hannu. Ranar 14 ga Nuwamba, kwanaki kaɗan bayan jam'iyyarsa ta sha kaye a wasu zaɓukan jihohi inda tsadar rayuwa ta zama babban batu, Trump ya cire harajin daga gahawa da ayaba da naman shanu da tumatir da wasu kayan abinci. An kuma soke rangwamen da ke barin ƙunshin da bai kai dala 800 ba ya shiga ba haraji, na Chaina daga 2 ga Mayu, na sauran duniya daga 29 ga Agusta. Wannan ya shafi masu sayayya a shagunan intanet na Shein da Temu, ya kuma shafi ƙananan masu sana'ar hannu a ƙasashe da yawa da ke aika kayansu ta gidan waya.

A Afirka, ranar 30 ga Satumban 2025 wa'adin dokar AGOA ya ƙare ba tare da an sabunta ta a lokacin ba. Tun 2000 wannan doka ke barin dubban kayayyaki daga ƙasashen kudu da Sahara su shiga Amurka ba haraji, kuma a kanta aka gina masana'antun ɗinki a Kenya da Madagaska da Lesoto. Ƙasashe masu sayar da ɗanyen mai irin su Najeriya da Angola ba su ji sosai ba, duk da kashi 15 da aka sa musu, domin an keɓe man. Afirka ta Kudu, wadda aka sa wa kashi 30, ta ji a motoci da kayan gona. Abin lura shi ne ƙasashen da suka yi ƙoƙarin fita daga sayar da ɗanyen kaya zuwa ƙere-ƙere su suka fi cutuwa.

Kayan Chaina da suka rasa hanyar Amurka kuma suna neman wata kasuwa. Ga mai saye wannan sauƙi ne. Cibiyar nazarin makamashi ta Ember ta ce shigo da faifan sola daga Chaina zuwa Afirka ya ƙaru da kashi 60 cikin 100 a shekara guda zuwa Yunin 2025, abin da ke nufin wuta ga gidaje da shagunan da ba su da ita. Ga mai ƙaramar masana'anta kuwa, gasa ce da ba zai iya ba. Shi ya sa Meziko a Disamba ta amince da harajin da ya kai kashi 50 a kan wasu kayan Asiya. A nata ɓangaren, Chaina ta sanar a watan Yuni cewa za ta cire haraji ga kayan ƙasashen Afirka 53 da ke da hulɗar jakadanci da ita, sai dai amfanin wannan ya danganta da ko ƙasashen na da abin sayarwa ban da ma'adinai.

## Fina-finai ma sun shiga

A watan Mayu, sannan a Satumba, Trump ya yi barazanar ɗora kashi 100 a kan fina-finan da aka shirya a wajen Amurka, yana kukan cewa aikin fim na barin Hollywood zuwa Kanada da Birtaniya da Ostareliya, inda gwamnatoci ke ba da rangwame. Har shekara ta ƙare ba a aiwatar ba. Fim ba ya shigowa a kwantena, ta intanet yake tafiya, kuma fim ɗaya kan iya zama an ɗauke shi a ƙasa uku an tace shi a ta huɗu. Tun 1998 mambobin WTO suka amince ba za a karɓi kuɗin fito a kan abin da ake aikawa ta intanet ba, kuma an tsara wannan amincewa ta zo teburi a taron ministocin ƙungiyar na Yawunde, Kamaru, a watan Maris na 2026. Chaina ita ma a Afrilu ta ce za ta rage yawan fina-finan Amurka da take bari a nuna a sinimominta.

## Shari'ar da ke gaban Kotun Ƙoli a ƙarshen 2025

Kundin tsarin mulkin Amurka majalisa ya bai wa ikon sanya haraji. Trump ya dogara ne da wata dokar ta-ɓaci ta 1977, mai suna IEEPA, wadda ta bai wa shugaban ƙasa ikon daidaita shigo da kaya idan ƙasa na fuskantar barazana daga waje, amma ko sau ɗaya ba ta ambaci haraji ba. Gwamnati ta ce ikon daidaitawa ya haɗa da haraji. Masu ƙara suka ce da majalisa ta so miƙa iko mai girma haka, da ta faɗa a fili.

Cikin masu ƙarar akwai Learning Resources, wani kamfanin iyali a jihar Illinois mai sayar da kayan wasan yara na koyon karatu, wanda ya ce harajin da yake biya zai iya tashi daga dala miliyan 2.3 a 2024 zuwa miliyan 100. Kotun cinikin ƙasa da ƙasa ta Amurka ta yanke hukunci a kan gwamnati ranar 28 ga Mayu, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar ranar 29 ga Agusta da alƙalai 7 a kan 4. Kotun Ƙoli ta saurari ɓangarorin ranar 5 ga Nuwamba, inda har alƙalai masu ra'ayin mazan jiya suka nuna shakku, ciki har da shugaban kotun John Roberts, wanda ya tunatar cewa sanya wa Amurkawa haraji aikin majalisa ne.

Har 2025 ta ƙare ana jiran hukunci, kuma lissafin da ake yi a lokacin shi ne idan gwamnati ta faɗi, za a shiga batun mayar da kuɗin da aka riga aka karɓa a ƙarƙashin wannan doka, wanda ya haura dala biliyan 100. Manyan kamfanoni irin su Costco sun riga sun shigar da ƙara don kare haƙƙinsu. Kuɗin, in an mayar, ga kamfanonin da suka biya kwastam zai koma, ba ga mutumin da ya sayi kaya da tsada a kanti ba. Kuma hukuncin ba zai taɓa harajin ƙarfe da motoci ba, domin waɗannan a kan wata doka ce ta 1962 mai batun tsaron ƙasa. Akwai kuma dokar 1974 da ta yarda shugaban ƙasa ya sanya har kashi 15 na kwana 150, kuma jami'an gwamnati sun faɗa ƙarara cewa za su koma ga irin waɗannan dokoki idan an rufe musu ta farko.

Da 2025 ta ƙare, an shiga 2026 da sauran rina a kaba. An tsara sake duba yarjejeniyar Amurka da Kanada da Meziko a watan Yulin 2026. A Nuwamban 2026 kuma, cikin mako guda, aka sa zaɓen 'yan majalisar Amurka ranar 3 ga wata, da cikar wa'adin tsagaita wutar Busan ranar 10.